Tulin Takalma a Tsakiyar Fili

Asabar, da hantsi

Gari ya yi tsit. Tun abin da ya faru jiya a tashar mota ban ji mutum biyu sun ba da labarin iri ɗaya ba. A ofishin jaridarmu ruwayoyi sun yi mana yawa: wani ya ce wuƙa ce, wani ya ce ƙarfen taya, wani ya ce faɗuwa kawai mutumin ya yi. Abin da na iya tabbatarwa shi ne akwai kwandasta ɗaya kwance a asibiti, kuma gari ya riga ya yanke hukunci cewa 'yan sansani ne. Sansani muke ce wa dogayen gidajen nan na bayan layin dogo da aka sauke 'yan gudun hijira, ko da yake babu tanti ko ɗaya a wurin.

Ƙanena ya kira. Shi ke koya wa yaran unguwa da na sansani ƙwallo a haɗe, Talata da Asabar. Kowa Koci yake ce masa, har ɗana Bahago da ya kamata ya ce Kawu.

"Yaya, atisaye na nan fa."

"Yau ɗin?"

"In na ɗaga yau, wace rana zan dawo da shi?"

Na ce zan raka Bahago.

Asabar, da yamma

Yara sun ragu, amma an yi.

Bari in rubuta yadda Koci ke raba su, don yau na lura da kyau. Ba ya barin kyaftin ya zaɓi mutanensa. Ya ce da haka ake koya wa yaro duban fuska. Kowa zai cire takalmin ƙafa ɗaya ya jefa tsakiyar fili, su yi tuli. Sai a ɗaure wa yaro ɗaya ido da tsohuwar jesi, ya durƙusa, ya riƙa ɗauka yana jefawa, wannan dama, wannan hagu. Inda takalminka ya faɗi, nan ne ɓangarenka, ko da maƙiyinka ne a gefenka. Wannan watan Bahago ne mai jifa.

Tulin ya canza kama tun lokacin da na rubuta labarin ƙungiyar a shafin wasanni. Wata ƙungiyar agaji ta karanta, ta aiko wa yaran sansani takalman ƙwallo sababbi, duk iri ɗaya, duk ruwan lemo. Na yi murna a lokacin. Daga bakin titi yanzu kana iya ƙirga su.

Gola, babban abokin Bahago, ɗan sansani ne. Dogo, ba ya dariya sai ƙwallo ta shiga hannunsa. Ya zo da ƙanensa da ake kira Tsinke. Tsinke ya yi ta gudu har aka tashi, hannu a sama, yana kiran a ba shi. Ban ga ta taɓa ƙafarsa ba.

Bayan ragar Gola akwai shingen waya, bayan shingen titi ne. Wasu maza sun tsaya a can. Na gane Mai Walda da ɗan mai gidan da muke haya. Kallo kawai suka yi.

Litinin, da azahar, a ofis

Edita ya aiko min da kanun shafin farko: baƙi sun far wa ɗan gari. Na mayar masa, na ce wa ya ga sun far masa?

"Kowa ya sani," in ji shi.

"To a kawo min Kowa ɗin, in yi hira da shi."

Ya yi dariya, ya ce bakina ya fi almakashina kaifi. Muka tsaya a kan "ana bincike". Jaridar da ke ƙetaren titi ta buga irin nasa kanun, kafin azahar ta ƙare a hannun masu talla. Tamu tana nan jibge.

Talata, da yamma

Bahago ya durƙusa ya yi jifa. Da aka kwance masa ido, ruwan lemo duk suna hagu, sauran duk suna dama.

Koci ya riƙe ƙugu. "Ikon Allah. To, dokar tuli ce, ba a sakewa."

Aka buga haka. Tsinke ya taɓa ƙwallo har ya gaji, har ya ci ɗaya. Amma mazan bayan waya sun ninka na ran Asabar, kuma yau sun samu abin da za su goya wa baya. Duk sanda ɗan unguwa ya kwashe ƙafar ɗan sansani sai tafi ya tashi. Na ji wani yana tambayar nawa da nawa, aka ce masa, "Mu biyu, su ɗaya."

A hanyar gida Bahago ya yi ta surutu a kan cin Tsinke. Ni ina tunanin lissafi. Na taɓa karanta yadda ake auna yiwuwar irin wannan dacen. Ba na son amsar.

Laraba, da safe

Bahago ya bar shayinsa ya huce. Ban tambaye shi ba.

Alhamis, da la'asar

Na haɗu da maƙwabciyarmu ta ƙasa a matakala, tana fama da bokitin wanki. Ta cire 'ya'yanta biyu daga ƙungiyar.

"Maman Bahago, ke dai kina da ƙarfin hali. Ni ɗan da na haifa da wahala ba zan kai shi a karya min ba."

"Wa ya karya wa?"

"Sai an karya tukuna? Mutanen nan ba a san asalinsu ba. Ke ba ki ga idanunsu ba?"

Na ce na gani, guda biyu ne kowanne. Ta ce wasa nake da wuta. Na kama mata bokitin har ƙofa, ta yi godiya, ta ce in gaida yaro. Watan jiya ita ce ta cika wa Gola leda da tsofaffin rigunan ɗanta.

An ce direbobin bas sun daina tsayawa a mashigar sansani. An ce. Ban je na gani ba.

Asabar, da yamma

Ya sake faruwa. Ruwan lemo hagu, sauran dama.

Wannan karon hannuwan Bahago na kalla. Kafin ya jefa kowane takalmi sai babban yatsansa ya shafi ƙasansa. Abu ne na ƙiftawar ido.

Ba zan rubuta duk abin da aka yi a bayan waya ba. Da Gola ya kama ƙwallon farko wani ya fara kukan biri, wasu suka amsa. Fatar 'yan sansani ta fi tamu duhu, shi ke nan hujjarsu. Gola bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Na ga wuyansa ya sandare kamar an dasa masa ƙarfe. Koci ya hura usur ya nufi shingen, suka yi shiru suna murmushi, Mai Walda ya ce, "Koci, titin gwamnati ne nan, ko ka saye shi?" Yana juya baya suka ci gaba.

Baban Gola yana wurin. Dako yake yi a babban sito, ya zo da kayan aikinsa a jiki. Ya tsaya daga nesa, hannuwa a baya, har aka tashi. Sannan ya zo wurin Koci. Yana magana da harshenmu a hankali, kamar mai taka dutse a rafi.

"Malam Koci, na gode da abin da kake yi. Amma ban ɗauko yaran nan daga inda na ɗauko su don su tsaya a raga ana yi musu haka ba. Asabar mai zuwa zan zo. In na sake ji, na tafi da su, ba za su dawo ba."

Koci ya ba shi haƙuri. Baban Gola ya ce haƙuri yana da shi da yawa, yaron ne bai kai shekarun da zai tara irinsa ba.

Gola ya shekara a garin nan kafin malaminsu na makaranta ya ji muryarsa. A cikin raga ya fara magana, yana yi wa 'yan baya tsawa.

Lahadi, da hantsi

Na je gidan Koci da sunan kai wa matarsa kwano. A bayan motarsa akwai ragowar takalmi ruwan lemo da bai yi wa kowa daidai ba. Na rufe ido na shafa. Ƙusoshin ƙasansa dogaye ne masu kaifin gefe, na yaran unguwa kuwa zagayayyu ne, sun cinye. Makaho ma zai bambance.

Koci ya same ni tsaye da shi a hannu.

"Yaya, za ki shiga ƙungiya ne? Muna neman lamba tara."

Na yi dariya. Shi bai daɗe yana yi ba. Ya ce bai yi barcin kirki ba, ya ce ranar da filin nan ya koma mu da su to ya tashi daga abin da ya gina, gara ya rufe. Ya ce abin da ke ɗaure masa kai shi ne tulin, sau biyu a jere.

Na ce ai dace ba ya shawara da kowa. Na ajiye takalmin.

Litinin, da safe

Na goge wa Bahago rigar makaranta sau biyu. Ban tambaye shi ba.

Talata, da yamma

Ruwa kamar da bakin ƙwarya, babu atisaye. Na ji sanyi a raina, kuma na san dalili.

Daga tagar bas na ga motar 'yan sanda a mashigar sansani, fitilunta na juyawa, babu kowa a waje. Matar da ke kusa da ni ta ce da ma a kwashe su gaba ɗaya. Na buɗe baki, sai na tuna yatsan ɗana a ƙasan takalmi, na rufe.

Ina ta bin kwanakin baya ina neman inda Bahago ya ɗauko wannan ƙyamar. A makaranta? A wayar abokansa? A matakalar gidan nan? Yaron da ya taɓa raba gurasarsa uku don Tsinke ya samu. Baban Bahago ya kira daga garin da yake aiki, na ce kowa lafiya.

Laraba, bayan la'asar

A kicin na tambayi Bahago. Ina wanke kwanuka, yana gogewa, don kada mu kalli juna.

"Kana jin ƙusoshin da yatsa, ko?"

Farantin ya tsaya a hannunsa. "Wa ya gaya miki?"

"Ido gare ni."

Sai ya ce, "Gola ne ya ce in yi."

Na rufe famfo.

Ya ce tun ranar tasha yaran unguwa suka daina ba 'yan sansani ƙwallo in suna ɓangare ɗaya. Ba wanda ya ce a daina, kawai aka daina. Tsinke ya koma gida ran Asabar ɗin farko yana kuka, ya ce ba zai sake zuwa ba. Gola ya ce da Bahago, in dai ba za a ba su ba, to ya tara su wuri ɗaya su riƙa ba junansu.

"Kuma ya yi aiki, Mama. Tsinke ya ci ƙwallo. Ba ki gani ba?"

"Na gani. Na kuma ji abin da aka yi a bayan raga."

"Wannan ai ba mu muka sa su ba." Ya ajiye farantin. "Mun ce za mu daina, amma in muka daina Tsinke zai daina zuwa, in muka ci gaba babansu zai cire su. To ya za mu yi?"

Sai ya juyo ya dube ni sosai.

"Ke me kika zata?"

Na ce ya goge farantin da kyau, akwai ruwa a bayansa.

"Mama. Me kika zata?"

Duk ɗan koyon aikin da ya zauna a teburina, abin da nake fara gaya masa shi ne kada ya rubuta laifin mutum bai kira shi ya ji ta bakinsa ba. Ya ajiye tsumman ya shige ɗaki. Bai buga ƙofar ba, a hankali ya rufe ta.

Alhamis, da yamma

Na gaya wa Koci. Ya zagaya motarsa yana faɗa, ya ce shi da ya ƙirƙiro tuli don kada a zaɓa, ashe a gabansa ake zaɓe yana cewa ikon Allah. Ya ce 'yan banzan yara, sai kuma ya zauna a kan bambar motar.

"Yaya, ni ina kallon waya, ban kalli fili ba. Yaro yana gudu hannu a sama ban gan shi ba."

Ya yanke abu uku. Mai jifa zai sa safar hannun gola, mu ga ta inda zai ji ƙusa. Duk wanda ya ga ɗan ɓangarensa a buɗe ya ƙi ba shi, zai fito ya zauna a benci, ko ɗan wane ne. Bahago kuma ba zai buga ran Asabar ba.

Na ce Gola fa? Ya ce Gola yana da hukuncinsa a bayan raga, ya ishe shi.

"To su mutanen wayar?"

Ya buɗe hannuwa. "Usur ɗina iyakarsa layin fili. Na je wurin 'yan sanda, sun ce in an yi duka in dawo."

Bahago ya karɓi hukuncin ba musu. Kawunsa yake yi wa magana, ni sai "to" da "a'a".

Juma'a, da azahar

An sallami kwandastan. Bai ce komai ba, ko kuma ba wanda ya tambaye shi. Edita ya ce labarin ya mutu. A ofis kam ya mutu.

Asabar, da safe

Na sa takalmi mara tsini. Na ce da Bahago ba a benci za mu zauna ba. Ya dube ni, bai tambayi ina ba.

Asabar, bayan an tashi

Wata yarinya 'yar unguwa ce ta yi jifa, hannuwanta cikin safar Gola kamar na kaguwa, takalma suna suɓuce mata, yara suna ta dariya. Tulin ya rabu a cakuɗe. Baban Gola yana tsaye inda ya tsaya wancan satin, hannuwa a baya.

Ni da Bahago muka fita ta ƙofa, muka zagaya ta titi, muka shiga tsakiyar mazan bayan waya. Warin sigari da man inji. Suka matsa kaɗan, don ba su san me za su yi da mu ba.

Na fara da Mai Walda.

"Ina wuni, Mai Walda? Ya aiki? Ya ƙafar uwargida, kumburin ya sauka?"

"Alhamdu lillahi, Maman Bahago, da sauƙi."

"Madalla. Ƙofar nan da ka gyara mana har yau ba ta sake ƙara ba. Ya yara? Babbar ta samu makarantar?"

Ya amsa, dole ya amsa. Na juya kan ɗan mai gida, na tambayi jikin mahaifiyarsa, na ce ya gaya mata zan shigo gobe in duba ta, zan ce mata mun haɗu a nan. Ya ce to, yana kallon ƙasa. Wanda na sani na gaishe shi har kakanninsa. Wanda ban sani ba na tambaye shi ɗan gidan wa ne, kafin ya gama faɗa an samu wanda muka haɗa sani. Ban taɓa yin gaisuwa mai tsawon wannan ba, kuma duk sanda ƙwallo ta nufo raga sai in sako sabuwa.

Gaisuwar ba ta hana abin gaba ɗaya ba. Da Gola ya yi tsalle ya ture wata ƙwallo, wani saurayi daga can ƙarshe, wanda ban kai gare shi ba, ya yi kukan birin. Sau ɗaya, gajere. Na ji Bahago ya ƙanƙame wayar har ta yi ƙara. Ba wanda ya amsa wa saurayin. Mai Walda ya ce, "Kai, ba ka ga da babbar mace a nan ba?"

Saboda ni ya hana shi. Yaron da ke cikin raga bai shiga lissafinsa ba. Na rubuta wannan don kada gobe in ƙawata labarin.

Ban san ko Baban Gola ya ji ba. Tsakaninsu da nisa, kuma iska tana kaɗawa ta wancan gefen. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Koci ya fitar da yara biyu zuwa benci saboda rowar ƙwallo, ɗaya har da kuka. Bayan haka wani ɗan unguwa da aka matse ya rasa yadda zai yi, ya tura wa Tsinke. Tsinke ya ɗaga ta sama da raga, sama da waya, ta faɗa bayan wata motar kaya. Ɗan mai gida ne ya je ya ɗauko.

Bahago kuwa tun da ya samu bakinsa bai rufe ba. "Gola, hagunka! Gola, fito! Gola, koma!" Har Gola ya juyo, karo na farko da na ga ya waiwayi wannan shingen.

"Kai Bahago, rufe min baki! Ka taɓa tsaron raga ne?"

Yana cikin faɗan aka zura masa ɗaya. Mazan suka fashe da dariya, irin wadda ake yi wa kowane gola. Ya ɗauko ƙwallon daga raga yana nuna Bahago da yatsa, yana zaginsa da harshensu.

Da aka tashi, Baban Gola ya karɓi jakar yaransa ya rataya, ya kama hannun Tsinke, suka nufi ƙofa. Bai kalli Koci ba. Koci ya tsaya da usur a hannu kamar wanda aka kafe. Mun haɗu da su a bakin ƙofar, mu muna shigowa. Na gaishe shi, ya amsa. Ya dubi takalmina da suka yi taɓo, ya dubi titin da mazan ke watsewa.

"Maman Bahago," ya ce, "ran Talata aikin yamma gare ni, ba zan samu zuwa ba. Hanyar layin dogo ba ta da kyau yanzu. Wa zai rako min su gida?"

Na ce ni.

Bahago ya ce, "Da ni."